Kujerar da Yaya Illa ya ɗinke

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Illa, masassaƙi a Affala. Allah ya jiƙansa. A kan kujerarsa nake zaune ina wannan rubutu.

Sau ɗaya ya taɓa bin mu cin rani zuwa kurmi, wani gari a bakin teku inda ruwan sama ba ya hutawa. Mu muna tallar kaya, shi kuwa ya ɓace mana. Na same shi a rumfar wani tsoho mai suna Kwame, wanda ke sassaƙa kwalekwale da kujeru daga gungume guda. Yaya ya rungumi gungumen, hannuwansa ba su haɗu ba.

"Kai Abdu, dubi icce!" in ji shi. "Wanga shi kaɗai turmi talatin ne, su ko sun maishe shi jirgi."

Ba sa jin harshen juna, amma wata biyu suka yi suna musayar gizago. Ranar da za mu taso, Kwame ya ba shi kujera mai lanƙwasasshen sama. Ta bakin tafinta ya ce icen bai san ƙasarmu ba, a ajiye ta a inuwa, kuma a aiko masa da labari in ta rayu. Ya ƙara da cewa a wurinsu, mai kujera in ya tashi, kwantar da ita yake yi a gefe.

Yaya ya yi dariya. A Adar, rana ce ke gyara ice. Da isowarmu ya shanya ta a tsakar gida. Kwana huɗu ta tsage tun daga sama har gindi.

Matarsa ta ce, "To malam gwani, a sa ta murhu?"

Yaya ya ɗauko kujerar. Ya huda gefen tsagar, ya ɗinke ta da jar waya yadda Buzaye ke ɗinke akushi, ya shafe ta da man shanu. Shekara ashirin ya zauna a kanta. Abin da ya dame shi har ya bar duniya shi ne saƙon Kwame. Babu mai rubutu a cikinmu, kuma kunya ta hana shi faɗa wa wani cewa shi ya tsaga ta.

Yau kujerun roba sun cika kasuwar Tawa. Da ya gani, na san zai ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya tambayi yadda ake ɗinke ta. Wayar hannu kuwa da ta burge shi, don da ya nuna wa abokinsa ɗinkin ido da ido.

Na shiga ajin manya na koyon rubutu ina da furfura. Shekara uku na yi kafin hannuna ya zauna. Ban sani ba ko Kwame na raye, amma ƴan Tawa ba sa rabuwa da garin nasa, wani zai kai wannan rubutu ya karanta wa jikokinsa. Baba Kwame, kujera ta tsage, laifinmu ne, amma ta rayu. In na tashi yanzu, a gefe zan kwantar da ita.