Lomar Farko ta Bi Mboje

A ƙauyen nan na gaɓar tsibirin Pemba, duk masuncin da ya kamo bunju gidan Bi Mboje yake nufa. Kifi ne mummuna, wallahi: ba ɓawo, baki kamar na aku, yana kiwo a gindin duwatsun murjani yana farfasa kaguwa da dodon koɗi. Ka tsokane shi, ya kwankwaɗi ruwa ya kumbura kamar tulu. Namansa sai wanda ya ci, amma hantarsa da ƙwansa da fatarsa ajali ne. Wuƙa ta kauce kaɗan, an tashi gida guda.

Bi Mboje wajen kakarta ta gaji gyaransa, ta kuma gaji ƙa'idar: wadda ta gyara ita ke cin lomar farko, kowa ya naɗe hannu ya jira. In leɓenta bai mutu ba, to bismilla. Har ta tsufa girkinta bai taɓa kwantar da kowa ba, kuma ba ta gajiya da faɗa wa mutane.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Tsohuwar akwai taurin kai, ta ɓoye abinta. Ran da ɗanta Makame ya kawo wani ƙato, ta tsaga cikin, ta ga komai dishi-dishi. In ta ci gaba, wata rana da hannunta za ta kashe jikokinta. In ta ajiye wuƙar ba magaji, aikin kakarta ya mutu.

Surukarta Tatu na gefe tana kankare kwakwa. Shekara da shekaru take riƙe mata ƙwarya tana shan faɗa.

"Ke, sarauniyar fasa tukwane, zo karɓi wuƙar nan."

"Ni, Mama?"

"A'a, kazar can. Karɓi mana!"

Tatu ta durƙusa ta feɗe fatar, ta bi cikin a hankali, ko numfashin kirki ba ta yi. Da ta ciro hantar, tsohuwa ta ce a ba ta. Ta shafa ta ciki da bai, ba tsaga ko ɗaya. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne kayan cikin saboda kaji.

Da la'asar aka sauke miya, ta sha madarar kwakwa, ga dafaffen rogo. Tatu ta miƙa hannu, jaririnta na goye a baya. Bi Mboje ta make hannun.

"Mai shayarwa? A gidana?"

"Mama, ai ƙa'ida ce. Ni na gyara."

"Wa ya koya miki? In akwai kuskure, nawa ne." Kafin Makame ya buɗe baki ta kai loma.

Kowa ya naɗe hannu. Makame sai zufa yake, Tatu ta kafe bakin tsohuwa da ido, hawaye na zuba. Ita ma Bi Mboje tsoro take ji, ba ƙarya, tana ta lasar leɓe a ɓoye tana salati a zuci. Inuwa ta matsa, miya ta huce.

"Tatu."

"Na'am, Mama!"

"Gishirin garin nan ƙarewa ya yi ne?"

Makame ya fashe da dariya har da buga ƙasa, yara suka faɗa wa kwano. Tatu ta je ta wanke wuƙar tas, ta dawo ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Tsohuwa ta ture hannun a hankali.

"Kai ta ɗakinki, 'yata, taki ce. Kai kuma Makame, daina washe baki. Gobe ka kai ni asibiti a duba idon nan. Tun da aka haifi yaron nan ban ga fuskarsa ba."