Raɗar Ammu Nasif

Shekara talatin da ɗaya Ammu Nasif ya yi a cikin rami. Ramin nan na bakin dandalin opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, inda ba a ganin komai nasa sai sanƙo, nan yake zama da littafin wasa a cinya, yana raɗa wa mawaƙa kalmar farko ta kowane baiti kafin ta kuɓuce musu. Daga unguwar Shubra yake zuwa kullum, da burodi da dafaffen wake a jaka. Bai taɓa aure ba. Ƙa'ida guda ya gada wajen wanda ya koya masa aikin: mai raɗa ba ya faɗin wanda ya ceta. Ko an tambaye ka, cewa za ka yi kowa ya haddace nasa.

Shi ya sa duk Alƙahira babu wanda ya san halin da mawaƙiya Sitt Afaf take ciki sai shi. Muryarta na nan daram, amma shekara uku ke nan kalmomi na zube mata, ga yanar ido ta kama ta har ba ta ganin rubutu. A dandali ba a gane ba, tunda Ammu Nasif na ƙarƙashin ƙafarta yana raɗa mata.

Bara wani matashi mai tsara kiɗa, Ustaz Hazim, ya ɗauko tsohuwar tatsuniyar dodanniya mai satar yara ya juya ta. A wasansa, dodanniyar uwa ce da aka raba da ɗiyarta, take bin gida-gida tana nema. Faifai za a yi, kwana biyu kacal, kuma ya ba Sitt Afaf matsayin dodanniyar. Shekarunta sittin da huɗu, ba a taɓa ɗaukar muryarta a babban matsayi ba.

A ɗakin ɗaukar murya ba a buƙatar mai raɗa, kowa takardarsa na gabansa. Sai ta shigo da Ammu Nasif a matsayin mai riƙe mata shayi, ya zauna dab da bayanta.

Makaɗa suka fara. Ta yi baiti huɗu lafiya lau. Sai Rasha, mai kula da na'ura a bayan gilashi, ta tsayar da kiɗan.

"Ustaz, aljani ya shigo mana. Duk abin da Sitt za ta faɗa, sai ya riga ta."

"Aljani mai warin na'ana'a ko?" in ji mai goge. Aka kwashe da dariya.

"Ammu, kai ne?" Rasha ta tambaya. "Makirfon nan ko haɗiyar yawu ka yi sai ya ji."

Ustaz Hazim ya ajiye sandarsa ta jagorantar makaɗa. "Sitt Afaf, kina buƙatar a riƙa tuna miki ne? Faɗa mini kawai."

"Ni? Ina waƙa kana tsumman goyo, ɗana."

Ya juya wajen Ammu Nasif. "Ammu, tsakani da Allah?"

Ammu Nasif ya dubi ƙeyarta. Ya dubi takardar gabanta da ba ta iya karantawa.

"Ta haddace tas," ya ce. "Bakina ne ya saba, ko a coci haka nake yi wa fada. Ku yafe wa tsoho."

Aka sake dariya, aka fitar da shi cikin mutunci, har da kujera a bayan gilashi. Daga can ya dinga motsa leɓe, yana buɗe baki iyakar ƙarfinsa. Ba ta ganin nesa haka.

Ta kai wurin da dodanniya ke ƙwanƙwasa ƙofa ta bakwai tana kiran ɗiyarta, ta buɗe baki, babu komai. Kiɗa ya wuce ya bar ta. Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na shida babu mai dariya. Mai gogen ma ƙasa yake kallo. Ta ce maƙogwaronta ne, ta ɗauki jakarta. Washegari wata ɗalibarta ta rera dodanniyar.

Da yamma, bayan an watse, ya koma ɗaukar fulas ɗin shayi. Rasha na naɗe wayoyi.

"Ammu, ba maƙogwaro ba ne, ko?"

Ya ɗauki fulas ɗin.

"Haba Ammu! Da ka ɗan ja ni gefe. Ga abin kunnen nan, sai in ba ka makirfo a nan wurina, muryarka ta shiga kunnenta ita kaɗai. Ko Ustaz ba zai sani ba. Kullum muna yi."

Ya karɓi abin kunnen yana jujjuya shi a hannu, ya daɗe.

"Kullum?"

"Wallahi kullum."

Ya mayar mata da shi a hankali.

"Maƙogwaro ne, 'yata," ya ce.

Faifan ya fito da kaka, an yabe shi. Sitt Afaf ba ta sake hawa dandali ba. Ya kai mata ziyara sau biyu, yana ta shirin gaya mata maganar Rasha, sau biyun ya sha shayi ya fito bai faɗa ba.