Na Ƙara wa Jijiyoyina Matsi Kamar Bututun Ruwa

Ni mutumin Damagaram ne, amma a Akokan na ƙarar da ƙarfina. Lokacin da abin ya faru na haura hamsin, kuma fiye da ashirin daga ciki na yi su ne ina aikin famfo da bututu a ramin yuraniyom. In ruwa ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa ni ake nema, kuma wannan ya kumbura mini kai, har nake ganin duk abin da ke bin bututu ni ne malaminsa. Da aka rufe ramin a 2021 sai na koma zaman fada: shayi, taba, kilishi da gardama. Ko masallacin da ke bayan gidanmu da moto, wato babur, nake zuwa, don a garinmu in tsohon ma'aikacin kamfani ya taka da ƙafa, kafin la'asar an ce ya karye.

Da ciwon kai ya matsa mini, maiɗakina ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likitar da muka samu sa'ar 'yata ce. Ta auna ni, ta sake aunawa, ta ce hawan jini ne, kuma in na yi wasa ɓarin jikina zai shanye. Da ta ji sana'ata sai baiwar Allah ta so ta yi mini bayani da yarena. Ta ce jijiyar jini kamar bututu ce, amma cikinta akwai wata shimfiɗa mai rai, siririya ƙwarai. In jini yana wucewa sumul yana shafar shimfiɗar, sai ta riƙa fitar da wata iska da suke kira oksid nitrik. Iskar ce ke sa jijiya ta saki ta buɗe, ta hana jini daskarewa, ta hana kitse mannewa. Zama wuri ɗaya da taba da hawan jini kuwa suna gajiyar da shimfiɗar, iskar ta ragu, jijiya ta ƙage. Ta rubuta mini ƙwaya, ta ce in riƙa tafiyar ƙafa kullum, in rage gishiri, in ci zogale da salak.

Na gode mata, na sa mata albarka, amma tun daga kalmar bututu na daina saurare. A raina na ce yarinyar nan a takarda ta karanta bututu, ni kuwa a cikinsa na tsufa. A wurinmu in bututu ya fara toshewa ba lallashinsa ake yi ba, matsi ake ƙara masa ya tunkuɗe dattin. Ashe ke nan jikina da kansa ya gano gyara, ita kuma tana so ta rage masa ƙarfi. Na zuba ƙwayoyin a akwatin kayan aiki, inda na san maiɗakina ba ta leƙawa. Zogale na ce a ba akuya. Na ƙara gishiri, na ce a riƙa ba ni shayin farko mai ɗacin nan. Duk sati nakan je kantin magani a auna ni, in lamba ta hau yaron kantin ya zaro ido, ni kuwa in fito ina murmushi kamar wanda aka ƙara wa girma. Wallahi ko yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ban tsaya a kaina ba, sai da na buɗe makaranta a fada. Wata safiya na zo da guntun tiyo da buta don in nuna musu ilimi a aikace. Ina cikin bayani sai tiyon ya suɓuce daga hannuna na hagu, bakina ya karkace, magana ta koma kamar ta mai cin tuwo da zafi. Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka wani tsohon shef ɗinmu, shugabanmu a wurin aiki, nake kwaikwayo, har wani yana cewa in sake. Wani abokina Buzu, direban hanyar Assamakka, shi kaɗai bai yi dariya ba, don ya taɓa ganin haka ga yayansa. Ya sungume ni ya jefa a mota, sai asibiti.

Likitar nan dai na tarar. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi mini ciwo. Bayan na samu bakin magana na faɗa mata dabarata, sai ta dafe kai ta ce Baba, gudu nake nufi, ba matsi ba. Ta ce gudun jini mai daɗi, irin na mai tafiya, shi ke sa jijiya ta buɗe da kanta, matsi kuwa ƙuje shimfiɗar yake yi har gudan jini ya samu wurin maƙalewa. Maiɗakina kuma ta yi faɗan da likita ba ta yi ba, har da ribarsa.

Yanzu kullum bayan asuba ina takawa har bakin gari in dawo. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa su ce in hau kyauta don Allah, an kuma gama yaɗawa cewa na karye. Na bar su, domin gaskiya ce ta wani ɓangaren. Bakina ya dawo daidai, ƙafa ma alhamdu lillahi, amma yatsu biyu na hannun hagu har yau ba sa rufewa.

Abin da na koya shi ne gwaninta a sana'a ɗaya ba ta ba mutum lasisin zama likitan kansa. Ina kira ga 'yan'uwana tsofaffin ma'aikata da ke zaune a fada, ku tashi ku taka, ku sha maganin da aka ba ku, kuma in likita ta yi muku misali ku saurara har ƙarshe. Ni rabi na ji, kuma yau in zan ɗaure mazagin wandona sai na kira maiɗakina.