Iyakar Gonar Malam Dalhatu

Duk Lakwaya an san Malam Dalhatu da abu biyu: noman dawa da taurin kai. Shekara hamsin yana noma gonar da ya gada, ba ko guntuwar takarda a kanta. Iyakarta a kansa take: daga kututturen aduwa a bi layin gamba, a karkata wajen suri, a tsaya taku bakwai kafin kwari.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai tsoro ya kama shi. 'Ya'yansa maza biyu, Tasi'u da Hambali, suna Kano, ɗaya tela ɗaya direba, kuma ba wanda ya san inda gonar ubansa ta ƙare. In sun zo gida baki ne ke gaisuwa, ido na kan waya. Ya yi faɗa har ya gaji.

Washegarin Sallah ya ce zai zagaya da su gonar, amma da sharaɗi: kowa ya ajiye wayarsa a ƙwaryar mahaifiyarsu.

Tasi'u ya ce, "Baba, ka bari in ɗauka a bidiyo mana. Ko an manta sai a duba."

"Ni a bidiyo ubana ya nuna mini? Tafi can! Yau ni za ku kalla."

Suka ajiye, suka bi shi. Wallahi dattijon nan ya ji daɗin ranar, har da dariya, abin da aka daɗe ba a ji ba. Ya dafa nan, ya taka can, suna ta "to Baba, to Baba". Bai lura da Hambali ba, da ke ta shafa aljihun da ba komai a ciki.

Bana idon ya rufe ruf. Maƙwabcinsa Sajo ya rasu, magada suka ɗauko tarakta, ta tumɓuke gambar, ta baje surin. Ba mugunta ba ce, su ma yaran birni ne. Mai unguwa ya tara kowa a gona, ya ce a nuna iyaka.

Tasi'u ne ya riƙo hannun uban. Malam Dalhatu ya ce, "Ku kai ni kututturen aduwa, daga nan na san sauran."

"Wanne, Baba? Kututture uku ne a nan."

"Wanda na dafa ranar nan mana!"

Tasi'u ya dubi Hambali, Hambali ya dubi ƙasa. Can Hambalin ya ce a hankali, "Da ka bari mun ɗauka, Baba..."

Dattijo ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Ya tsuguna yana laluben ƙasa da tafin hannu, jama'a na tsaye a kansa.

Mai unguwa ya jira har ya ji kunya, sannan ya ce, "Malam, tashi haka nan. Sai dai mu raba wurin da ake shakkar a tsakiya."