Mai Kitso a Gadon Bakin Taga

Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Kujerar roba, madubi mai tsaga a kusurwa, sai gwangwanin da take zuba tsinke da mataji. A kan ƙannenta ta koyi kitso, kuma har ta girma ba a taɓa jin wadda ta yi ƙwalla a hannunta ba, shi ya sa ake ce mata Hannun Sanyi. Mijinta direban motar haya ne. 'Ya'yansu biyu, duk ta haife su kamar wasa. Na biyun ma sai da ta ƙarasa kan wata mata kafin ta ce a nemo mota.

Don haka da ciki na uku ya zo, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Hoton ciki ma sai da ungozoma ta matsa mata ta je, ta bar wata da rabin kai a tsefe, wai yanzu za ta dawo.

Likitar ta daɗe tana goga na'ura a cikinta. Ta danna wani abu, ja da shuɗi suka bayyana a allo. Ta kira wata ma ta duba.

"Baiwar Allah, jaririnki lafiya lau, ke ma haka. Amma akwai abin da muke kira vasa previa."

"Ba sa me, likita?"

"Sunan abin ke nan."

"To su waye ba sa ɗin?"

Likitar ta jawo kujera ta zauna. Ta ce jijiyoyin da ke kai wa jariri jini a lulluɓe suke cikin igiyar cibiya har su shiga mabiya. Na wannan cikin kuwa, wasu sun fito fili, sun bi jikin jakar ruwa, sun gitta daidai bakin mahaifa. Ranar da faya ta fashe, suna iya tsinkewa tare da ita. Ba a cika ganin irinsa ba, kuma sa'a ce da aka gano shi da wuri, don za a ciro yaron da tiyata kafin naƙuda ta zo.

Hannun Sanyi ta yi ta gyaɗa kai. Amma kafin ta isa gida, kalma uku kawai suka rage mata: jijiya, jini, tiyata.

"Baban yara, wai jijiyata ce ta tare hanya."

"Ba na sha gaya miki ba? Tsayuwar nan ce!"

Ya kira mahaifiyarsa ya ce hawan jini ne. Kafin la'asar yayarta ta bugo waya tana kuka, wai ta ji jininta ya ƙare. Washegari direba ya isa asibiti da ita da abokan aikinsa biyu, majiya ƙarfi, kowa ya naɗe hannun riga zai ba da jini.

"Mun gode, za mu ajiye saboda tiyata," in ji likita. "Amma jinin da muke tsoron zubarsa ba nata ba ne, na jaririn ne. Shi kuwa duka jininsa bai fi cikin kofi ba."

Direba ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. A hanya ya ce, "Wato ke lafiyarki ƙalau?"

"Haka suka ce."

"To me za a yanka?"

Da cikin ya shiga wata takwas aka ba ta gado a bakin taga. Nan ne abin ya ƙara ɗaure mata kai. Ba zazzaɓi, ba ciwon mara, tana cinye abincinta har ta leƙa kwanon maƙwabciya. Aka yi mata allura a cinya, aka ce don huhun yaro ne. Ta kalli cinyar, ta kalli cikin, ta haƙura. 'Yan dubiya in sun ce "Ya jiki?" sai ta rasa amsa. In ta ce da sauƙi, me ya yi sauƙin? Wata ƙawarta ma ta raɗa mata, "Ke dai faɗi gaskiya, hutu kika zo."

Zama ya ishe ta, ta sa aka kawo mata mataji. Cikin 'yan kwanaki babu kan da ya rage a tsefe a ɗakin, har na mai shara. Mata suna zuwa da naƙuda, su haihu, su tafi, ita tana nan.

Wata safiya ta haɗa kayanta cikin jaka. Babbar nas ta same ta tana neman takalmi ɗaya a ƙarƙashin gado, direba na tsaye yana sosa ƙeya.

"Ina zuwa, ƙanwata?"

"Anti, gadon nan na marasa lafiya ne. Ni kunya ma nake ji. In abu ya taso ai sai in dawo."

"Ba don ciwo muka ajiye ki ba, don nisa ne. Daga nan zuwa ɗakin tiyata, ƙofa biyu. In faya ta fashe kina shago fa? Malam direba, da rana tsaka yaya hanyarku take?"

Sai ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya mayar cikin lokar gefen gado.

"Kai ka gane?" ta tambaye shi.

"Jijiyar dai ban gane ba. Cunkoso na sani."

Aka yi aikin da hantsi, watanta bai cika ba. Mace ce, 'yar mitsitsiya, da murya kamar ta mage. Ta ɗan kwana a kwalba. Da Hannun Sanyi ta dawo hayyacinta, ta roƙi ungozoma ta nuna mata abin da ya zaunar da ita. Aka kawo mabiyar a faranti, aka ɗaga wata fata shara-shara, ga jijiyoyi kwance a jiki, ba su fi kaurin zaren kitso ba.

"Wannan ɗin ne?"

"Shi ne."

Ta zaci za ta ga wani ƙaton abu. Ta yi ta kallo, sai kuka ya ƙwace mata, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Ta koma shago da goyo. Yanzu duk mai cikin da ta zauna a kujerar robar sai ta sha tambaya: an yi hoto? An duba inda mabiya take da inda igiya ta shiga? In kin ga jini, ko ba ciwo, kin san asibiti za ki nufa? In aka nemi ƙarin bayani sai ta fara, ta cakuɗa igiya da jaka, ta tsaya ta ce, "Ni dai ban iya faɗa ba, je ki su gani."

Matar mai katifa ma da ta samu ciki, sai da Hannun Sanyi ta rufe shago ta raka ta asibiti da ƙafarta. Aka duba, babu komai. Matar ta fito tana mita, an ɓata mata wuni a banza.

"Alhamdu lillahi," in ji Hannun Sanyi. "Mu je in yi miki kitso, kanki ya tsufa."