Mai Riƙe wa Ɗan Mudir Ƙwallo

Har yanzu in na ji ƙarar usur, ko ta mai ba motoci hannu ce a titi, sai in toshe kunne. Abin bai daɗe ba. Rigar da na sa ranar tana nan cikin akwati, na wanke ta amma na kasa sake sa ta.

Daga Damagaram na tsallako hamada na zo Sabha, garin Larabawa, bayan na gama sakandare, ni da Inna da autanmu. Baba ya riga mu zuwa, yana tuƙa motar siminti a wata sharikar gine-gine. Kuɗin fetur ya cika gari a lokacin. In ka bi ta unguwar Gurda yau, ka sake bi bayan sati, sai ka tarar da bene inda ka bar fili. Mu kuwa a Tayuri muke, unguwar baƙi da lebura, cikin ɗakin da Baba ya rufa da ragowar kwanon sharika.

Akwai wani ɗan Tunusiya mai kula da ɗakin ajiyar kayan sharikar, kowa Ustaz yake ce masa. Ya yi wasan zari-ruga a ƙasarsu, shi ne ya tara yaran ma'aikata, na manya da na lebura, yana koya musu a wani fili a Gurda ranar Juma'a da la'asar. Shi ne malami, shi ne alƙali. Raga ta ƙwallon ƙafa ce aka ɗaura wa dogayen bututun ruwa biyu a gefe. Yaran Tayuri da yawa ba su ƙware a Larabci ba, sai Ustaz ya riƙa faɗa mini doka da Faransanci ina juya musu da Hausa. Ta haka na san dokokin.

Wanda ya dangwala ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya ci maki biyar, sannan a ba ƙungiyarsa bugun ƙari na maki biyu. Ana kafa ƙwallo daidai saitin inda aka dangwala ta, a buga ta wuce tsakanin bututun nan biyu, ta saman sandar da ke gicciye. Abokan hamayya su tsaya bayan layinsu, ba motsi har sai mai bugu ya taso, kuma ba su da damar yin ihu don su ruɗa shi. In sun yi ihu kuma bai ci ba, a sake. In ƙwallo ta faɗi kafin ya taso, a gyara masa. In ya riga ya taso, shi ke nan, ya buga ta yadda ya same ta.

To ƙwallon kamar ƙwai take, filin kuma yashi ne da iska. Ko an tara mata tsibi ba ta tsayawa. Doka ta yarda wani ya kwanta rub da ciki ya dafe kanta da yatsa. Ban taɓa ganin ɗan manya ya kwanta ba. Mai bugu kullum ɗan mudir ne, wato ɗan shugaban sharikar, mai kwanciya kuma autanmu.

Auta ya iya bugu, wallahi ya iya. A bayan ɗakinmu yake kafa gwangwani biyu, ya runtse idon hagu ya auna da na dama, ya sheƙa tsumman da ya ƙulle ta tsakaninsu.

"Kai da ka iya, me ya sa kake kwanta masa kamar tabarma?" na tambaye shi wata rana a hanya.

"Yaya, ke ba ki gane ba. Yatsana ne ke ci, ƙafarsa aro ce."

"To je ka karɓi kofi da yatsa."

"In na karɓo ba za ki sha shayi a ciki ba."

Ranar da abin ya faru, yaran unguwar Abdulkafi ne suka zo karawa da namu. Mudir da kansa ya zo, aka aje masa kujera a inuwar motarsa. Daf da tashi suna gabanmu, sai Auta ya fizge ƙwallo ya ratsa yara uku ya faɗa da ita bayan layi. Saura maki ɗaya mu kamo su, bugun ƙari ne zai raba gardama. Ko numfashi bai gama mayarwa ba ya je ya kwanta.

Ɗan mudir ya ja da baya, ya taso. Ina tsaye kusa da jarkar ruwa, na ga iska ta zame ƙwallon daga ƙarƙashin yatsan Auta ta gangara wajen fuskarsa. Ya ɗago kai ya miƙa hannu zai tsai da ita. Ustaz yana gefensu, usur a baki. Ya gani. Na ga ya gani. Na ƙwalla ihu, ban san me na ce ba. Takalmin yaron mai ƙusoshi ya ɗauki ƙwallon da gefen fuskar ƙanena tare.

Na ruga wurin. Auta bai yi kuka ba, ya dafe idon dama, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Na ɗaga kai na ce wa Ustaz, "Me ya hana ka busa?"

Ya ce, "Ya riga ya taso, 'yata. Ke ma kin san doka."

Wani mai shayi ɗan Agadas ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa kai, ya saɓe shi a kafaɗa. Muna barin fili na ji muryar mudir, bai ma tashi daga kujera ba. Ƙwallon ba ta shiga ba, ya ce an ɓata wa ɗansa bugu. Ustaz ya shafa gemu, sannan ya ɗaga hannu ya ce an yi ihu lokacin bugu, don haka a sake.

Ihuna ne. Ba wani yaron Abdulkafi da ya buɗe baki, ni kuwa ba 'yar wasa ba ce, balle abokiyar hamayya. Da bakina na juya wa yara wannan dokar. Na buɗe baki zan faɗa, sai na hango sunan sharikar a ƙofar motar mudir, irin wanda ke jikin motar Baba. Na rufe. Ustaz ya nuna wani yaron Tayuri, ɗan maƙwabciyarmu, ya ce ya zo ya riƙe. Yaron ya dubi inda jinin yake, ya tura yashi da ƙafa ya rufe, ya kwanta.

A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Likita ya ce idon ya fashe daga ciki, ba zai sake gani da shi ba. Baba ya zo da ƙurar siminti a gira, ya saurara, ya ce, "Allah ya sa kaffara ce." Da na fara ba shi labarin usur, ya dube ni ya ce, "Ke, a garin mutane muke." Washegari ya tafi aiki. Ustaz ya aiko da ledar dabino da lemo. Inna ta karɓa ta yi godiya, ni na tashi na fita bayan ɗaki.

Yanzu in Baba ya makara bai dawo daga aiki ba sai in kasa zama, ina tunanin ko wani ya ji abin da na ce wa Ustaz ya kai gaba. Ba na bi ta Gurda. Ranar Juma'a yaran layinmu suna wucewa da la'asar, ana ci gaba da wasa.

Jiya na leƙa bayan ɗaki na tarar Auta ya kafa gwangwanayensa. Ya ja da baya, ya runtse idon hagu yadda ya saba, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a haka kafin ya buɗe. Ya ji motsina bai waiwayo ba.

"Yaya, da aka sake bugun, ta shiga?"

Na so in ce ban gani ba. Amma na waiwaya ranar, daga bakin titi.

Na ce, "Ta shiga."

Ya ce, "To mun ci ke nan." Ya sunkuya yana lalubar ƙwallon tsummansa, tana nan dab da ƙafarsa ta dama.