Rawanin da Labazan Ya Shafe

Labazan mai fenti ne a wani ƙauyen Awarawa, can kan duwatsun Dagistan. Aikinsa rubuta kirarin gwamnati a bangon rumbuna, kuma ba ya karanta abin da yake rubutawa sai don gudun tsallake harafi. Gadonsa ɗaya ne a duniya, zanen Imam, wanda ya yi shekaru yana yaƙar sojojin Rasha. Kakan Labazan ya yi yaƙi a bayansa, ya dawo ya zana shi da hannunsa: jan gemu, hular fatar tunkiya, da farin rawani naɗe a jikinta. Rawanin nan ne shaida, don gemu da hula kam kowane tsoho yana da su.

Shekarar da gwamnati ta ce Imam ɗan koren Ingila ne, aka shiga bi gida-gida ana ƙona hotunansa. Matar Labazan, Mesedu, ta ce ya cusa shi a murhu, ita ba ta shirya kai wa kowa burodi kurkuku ba. Bai ƙona ba. Ya ɗauko baƙin fentin ƙofar rumbu ya shafe rawanin, hula ta ƙara girma.

Jami'in da aka turo, Saigid, tare suka yi kiwo da Labazan da ƙuruciya. Ya daɗe a gaban zanen.

"Wane ne wannan?"

"Kakana ne, makiyayi."

"Kai Labazan, kakan naka da ko akuya ba ta shakkarsa, ina ya samo idanun nan?"

"Kafin ya yi aure aka zana shi."

Saigid ya ci hinkal, ɗan waken fulawa na ƙasarsu, da tafarnuwa, ya goge baki ya tafi, bai rubuta komai ba. Daga ranar ko 'ya'yan gidan ba a gaya musu gaskiya ba, don bakin yaro ba shi da ƙyaure.

Shekara arba'in suka wuce. Mesedu ta rasu, Saigid ya bi ta. Aka wayi gari gwamnati ta sauya, hoton Imam ya cika kasuwa, har a gilashin motocin haya. Labazan ya gwada wanke fentinsa da kananzir, ya ƙi fita. Ya sa wuƙa, ta fara tahowa da zanen, ya bari.

Wata ma'aikaciyar gidan tarihi ta zo daga birni tana neman tsoffin zanen Imam. Labazan ya nuna mata nasa, ya gaya mata gaskiya. Ta saurare shi da ladabi, ta duba, ta ce tsofaffi masu hula irin wannan sun cika mata ɗaki. Sai ta tambayi 'yarsa Bahu, wadda ta kawo shayi.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, Baba ya tsufa. Kakanmu ne, makiyayi, kafin ya yi aure aka zana shi."

Abin ya yi wa Labazan ciwo ƙwarai, amma bai yi mata faɗa ba. Shi ya koya mata, kuma ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba.